Fashin Baƙi: Yadda Ake Zaɓen Babur Mai Ƙafa Huɗu Don Jan Kaya da Aikin Gida

Babur mai ƙafa huɗu, wanda masu ƙera shi ke kira ATV, ya daɗe da zama abin aikin yau da kullum a gidajen karkarar Amurka da Kanada da Ingila da Ostareliya, inda mai gida kan kasance da fili mai faɗi amma aikinsa bai kai na sayen tarakta ba. Da shi ake jan tirelar itace da taki da ruwa, da shi ake kwashe shara da rassan da aka sassare, da shi kuma ake zagaya shinge a duba inda ya ɓalle. Kamfanin Honda ne ya fara fito da irinsa a shekarar 1970, amma mai ƙafa uku, sannan Suzuki ya kawo mai ƙafa huɗu a farkon shekarun 1980, kafin Honda ya fito da wanda duka tayoyinsa huɗu ke ja a 1986. Mai ƙafa ukun bai yi tsawon rai ba, domin yawan kifewarsa da asarar rayukan da ya jawo sun sa kamfanonin suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Amurka a 1988 suka daina sayar da sabonsa a ƙasar. Ƙara taya ɗaya ya rage matsalar kifewa amma bai kawar da ita ba, kuma wannan ne ya kamata mai niyyar saye ya riƙe a zuciyarsa tun kafin ya fara tambayar farashi.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na wasa da tsere, mara nauyi, mai sarƙa, wanda tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma wannan ba shi da wuri a maganarmu. Akwai kuma na aiki, mai kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, gaba da baya, mai maƙalar tirela, wanda nauyinsa kan kai kilo 270 zuwa sama da 300. A cikin na aikin ne ake samun Rancher da Foreman da Rubicon na Honda, da Kodiak da Grizzly na Yamaha, da KingQuad na Suzuki, da Brute Force na Kawasaki, da Sportsman na Polaris, da Outlander na Can-Am, da kuma na kamfanin CFMoto na ƙasar Sin waɗanda suka shigo kasuwa da farashi mai sauƙi.

Yawancin masu saye da girman inji suke fara tambaya, kuma dillali yana jin daɗin wannan tambayar saboda kowane ƙarin girma ƙarin kuɗi ne. Amma alƙaluman kamfanonin da kansu suna nuna cewa ba girman inji ne ke yanke nauyin da za a ja ba. Kodiak 450 na Yamaha, mai inji cc 421, an ƙayyade masa jan kilo 600, daidai da abin da aka ƙayyade wa Grizzly 700 mai cc 686. A wajen Honda kuwa abin ya fi fitowa fili, domin Foreman da Rubicon inji ɗaya suke ɗauke da shi, mai cc 518, amma an ba Foreman kilo 385 yayin da aka ba Rubicon kilo 600. Tun da injin bai bambanta ba, ashe lissafin ya ta'allaƙa ne ga sauran jikin babur ɗin da kuma iyakar da kamfani ya yarda ya ɗauki alhakinta. Waɗannan alƙaluma suna canzawa daga shekara zuwa shekara, kuma daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka littafin da ya zo da babur ɗin shi ne hujja, ba takardar talla ba. Haka kuma ba daidai ba ne a ɗora alƙaluman kamfanoni biyu a kan sikeli ɗaya a ce mai babbar lamba ya fi ƙarfi, tun da kowane kamfani da irin taka-tsantsan ɗin da yake yi wajen bayyana iyaka.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce mutum ya fara daga kayan da zai riƙa ja, sannan ya dawo kan babur. Lissafin ba shi da wuya. Litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka duro biyu masu lita 200 sun kai kilo 400 kafin a haɗa da nauyin tirelar da kanta, wadda idan ta ƙarfe ce za ta iya wuce kilo 100. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu takwas ke nan sun yi daidai da duro biyun. Yashi da tsakuwa su ne suke yaudarar ido, domin yashin da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya yana kaiwa kusan tan ɗaya da rabi, ya kuma fi haka idan ya jiƙe. Ƙaramar tirela da aka cika da yashi rabinta kawai tana iya zarce iyakar babur ɗin, alhali mai ita yana ganin bai loda komai ba. Wanda aikinsa busasshen ganye ne da rassa da buhunan abincin dabbobi ba ya cikin wannan damuwa, amma mai ɗibar ruwa da ƙasa da ɗanyen itace dole ne ya zauna ya yi lissafi da takarda.

Asalin maganar kuwa ba a ja take ba, a tsayawa take. Kowane babur mai matsakaicin inji zai iya motsa nauyin da ya ninka nasa sau uku a shimfiɗaɗɗen wuri, domin da zarar tayoyin tirela sun fara juyawa ƙarfin da ake bukata kaɗan ne. Matsala tana bayyana a gangare. A ɗauka babur mai kilo 300 ne, da mahayinsa, yana saukowa daga ɗan tudu a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, a bayansa kuma tirela mai kilo 550 da ba ta da birkin kanta. Mahayi ya matse birki, tayoyin babur suka tsaya da juyawa, amma nauyin da ke baya bai tsaya ba. Sai tirelar ta turo ƙugun babur ɗin, tayoyin baya su fara sulɓewa gefe, idan kuma duron ruwan bai cika fal ba sai ruwan ya tunkuɗo gaba ya ƙara wa turin ƙarfi. Cikin daƙiƙa biyu babur ya karkace, tirela ta naɗo ta gefensa, daga nan kuma sai kifewa. Duk wanda ya taɓa ganin amalanke mai lodi yana tura shanu a gangaren rafi ya san irin abin da ake nufi. Saboda wannan ne hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, wato HSE, ta ba da shawarar kada nauyin tirela mara birki ya wuce ninki biyu na nauyin babur ɗin, mai birki kuma kada ya wuce ninki huɗu, kuma wannan ma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Idan filin mutum yana da hawa da gangara, to sai ya rage lodin sosai, ya gwammace ya yi sawu biyu. A ganina, mai fili irin wannan ya fi cin riba idan ya sayi matsakaicin babur ya haɗa da tirela mai birki, a kan ya zuba kuɗinsa duka a babban inji.

Akwai wata lamba da ba a cika bugawa a talla ba, wato nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan maƙala. A littattafan Honda da Yamaha wannan lamba ƙarama ce ƙwarai, wajen kilo 15 a wasu samfuran. Tirela mai tayoyi biyu kacal, idan aka tara mata kaya a gaba, sai ta danne bayan babur har tayoyin gaba su yi sako-sako, mahayi ya juya kai amma babur ya ci gaba da tafiya miƙe. Idan kuma aka tara kayan a baya, sai ta ɗage bayan babur, tayoyin da ake dogaro da su wajen ja da birki su rasa riƙon ƙasa. Tirela mai tayoyi huɗu da sandar ja mai lilo tana ɗaukar nauyinta da kanta, shi ya sa ta fi dacewa da kaya masu nauyi, ko da yake ta fi wahalar komawa da baya. Wani kuskuren da ke halaka mutane shi ne ɗaura igiya ko sarƙa a kariyar baya don fizgo kututture ko motar da ta maƙale. Kariya tana sama da gatarin taya, don haka idan abin da ake ja ya ƙi motsi sai gaban babur ya ɗaga ya juyo a kan mahayinsa. Wurin ja ɗaya ne, maƙalar da kamfani ya sa a ƙasa. Ita kariyar ma tana da iyakarta: a Rancher kilo 30 ne a gaba da 60 a baya, a Grizzly kuma kilo 50 da 90, kuma duk abin da aka ɗora a kanta yana ɗaga tsakiyar nauyin babur sama, abin da ke ƙara saurin kifewa a gefen tudu.

Batun kifewa ba ƙarami ba ne a ƙasashen da aka fi amfani da wannan babur. A Ostareliya yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gonaki, har gwamnati ta kafa doka a 2019 wadda daga watan Oktoba na 2021 ta wajabta wa sababbin babura na aiki wani ƙarfe a baya da ke hana su danne mahayi idan sun kife, tare da gwajin da zai nuna cewa ba sa tuntsurewa gefe kafin karkatar ta kai kusan digiri 29. Honda da Yamaha da Polaris sun ƙi amincewa da sharaɗin ƙarfen, suka janye irin waɗannan babura daga kasuwar ƙasar. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya a wannan taƙaddama, hular kwano wajibi ce, goyo a kan babur mai kujera ɗaya haramun ne a ƙa'idar masu ƙera shi, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba babban babur na manya.

Bayan nauyi, abu na biyu da ya cancanci dogon nazari shi ne giya. Polaris da Can-Am da Yamaha da Kawasaki da Suzuki, a manyan samfuransu na aiki, suna amfani da giya mai sarrafa kanta ta hanyar bel na roba da ke gudana tsakanin faya-fayai biyu masu buɗewa da tsukewa. Daɗinta shi ne babu canjin giya, sai dai a danna mai a tafi, kuma kowa a gida zai iya koyonta cikin sauƙi. Rauninta kuma zafi ne. Idan aka ja kaya mai nauyi a hankali alhali sandar giya tana kan babba, bel ɗin yakan riƙa zamewa a kan faifai, ya yi zafi, ya fara warin ƙonanniyar roba, daga baya kuma mahayi ya riƙa jin fizga duk lokacin da zai tashi saboda wani sashe na bel ɗin ya cinye. Maganin wannan shi ne ƙaramar giya, wadda aka yi wa alamar L, kuma duk babur mai bel da ba shi da ita bai cancanci a saye shi don jan kaya ba. Yamaha ya bi wata dabara ta daban, inda bel ɗin yake a ɗaure koyaushe, wani kulocin daban da ke cikin mai ne yake ɗaukar wahalar tashi, kuma wannan tsari ya yi suna wajen daɗewar bel da kuma riƙe babur da inji a gangare. Wannan riƙewar da inji ke yi idan aka saki mai abu ne da ya kamata a gwada kafin a biya kuɗi, domin wasu babura masu bel sukan saki jiki su gangara kamar an cire giya, su bar wa birki aikin duka.

Honda kuwa ba ya amfani da bel a baburansa na aiki. Giyarsa ta haƙoran ƙarfe ce, wasu ana canzawa da ƙafa, wasu da maɓalli a hannu, wasu kuma suna canza kansu ta hanyar kuloci biyu. Giya ta ɗaya a Foreman ƙasa take sosai, ta yadda babur zai iya rarrafawa da kaya ba tare da wani abu ya yi zafi ba. Ga wanda zai yi aiki a inda kayan gyara ke da wuyar samu, mai canjin ƙafa shi ne mafi ƙarancin abin lalacewa, domin babu bel, babu kuma ƙaramar motar lantarki da na'urorin da canjin maɓalli ke dogaro da su.

Ƙafafun baya ma iri biyu ne. Akwai mai gatari ɗaya miƙaƙƙe da ya haɗa tayoyin biyu, kamar na Foreman, akwai kuma wanda kowace taya ke da nata lilo, tsarin da Sportsman 500 na Polaris ya yaɗa tun daga 1996. Mai lilo daban-daban ya fi taushi a bayan mahayi, ya fi kuma tsayi daga ƙasa, amma idan bakin tirela ya danna shi sai ya durƙusa, tsayin ya ragu. A mai gatari ɗaya kuwa maƙalar tana jikin gatarin ne, saboda haka nauyin yana sauka kai tsaye a kan tayoyi, kuma ba shi da yawan gaɓoɓi da robobin da za su yage. Wanda zai wuni a kan babur cikin kwazazzabai zai gode wa mai lilo daban-daban, wanda aikinsa ja ne a tsakar fili kuma mai gatari ɗaya ya ishe shi. Sai dai mai shimfiɗaɗɗiyar ciyawar ado ya sani cewa a yawancin waɗannan babura tayoyin baya a kulle suke da juna, suna juyawa da gudu ɗaya, don haka a kowace kwana mai tsanani tayar ciki takan kankare ƙasa ta bar tabo. Wasu samfuran Polaris suna da maɓallin da ke sakin wannan kulli don kare ciyawa, kuma idan babu shi sai dai a riƙa yin kwana mai faɗi. Wannan kullin ne ma, tare da laushin tayoyin, ya sa babur ɗin ba ya jin magana a kan kwalta, kuma masu ƙera shi suna gargaɗin kada a hau titi da shi.

Jan ƙafa huɗu da ake iya kunnawa da kashewa yana da amfani ga duk mai tirela, ba don laka kaɗai ba, har don riƙon ƙasa a hawa. Makullin da ke haɗa tayoyin gaba su ja tare ba kullum ake bukatarsa ba, sai ga mai fadama ko yashi mai zurfi. Sitiyari mai taimakon lantarki kuwa, duk da ƙarin kuɗinsa, yana rage gajiyar kafaɗa idan akwai kaya a kariyar gaba, yana kuma rage fizgar da kan babur ke yi idan taya ta bugi kututture.

Aikin gida aiki ne na tafiyar hawainiya da kaya mai nauyi, wato yanayin da iska ba ta kaɗa inji, shi ya sa mai sanyaya inji da ruwa da fanka ya fi dacewa, musamman a ƙasa mai zafi. Amma lagireto yana son kulawa, domin ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa da busasshiyar laka sukan toshe ramukansa, mai shi bai ankara ba sai fitilar zafi ta kama. A wurare masu ƙura irin namu, inda hunturu ke cika iska da gari, matatar iska ce ke yanke tsawon ran injin, kuma ta soso tana bukatar wanki da shafa mata mai a kai a kai. Inji mai fesa mai da lantarki yana tashi nan take ko da ya yi makonni a ajiye, amma ba ya jure gurɓataccen fetur, gyaransa kuma sai mai na'ura. Mai kafireta yakan toshe idan mai ya daɗe a cikinsa, sai dai kowane bakaniken babur zai iya kwance shi ya wanke. Iskar taya ma abin lura ce: waɗannan tayoyi wajen awo 5 suke ɗauka a ma'aunin da tayar mota ke ɗaukar 30 ko fiye, don haka mai faci da bai saba da su ba zai iya cika su fiye da kima, babur ya riƙa tsalle ya rasa riƙo. Ana bukatar ma'aunin iska na musamman mai ƙananan lambobi, kuma a inda ƙaya ta yi yawa gara a nemi taya mai kauri.

Ya kamata kuma a san abin da wannan babur ba zai yi ba. Ba shi da sandar da ke fitar da ƙarfin inji zuwa kayan aiki kamar ta tarakta, ba shi kuma da hannun ɗaga garma, saboda haka injin yankan ciyawar da ake ja a bayansa sai ya zo da nasa injin, tankin feshi kuma da batir yake aiki. Zai ja ƙaramin haro ya baje tsakuwa ko ya farfasa ƙasa mai laushi, amma wanda ke nufin huɗa ta gaske ƙaramar tarakta yake bukata. Idan kuma kayan kullum sun wuce rabin tan, ko ana son ɗaukar mutum biyu, to motar aiki mai kujeru gefe da gefe da akwatin juye kaya, irin Mule na Kawasaki da ya fito a 1988 ko Gator na John Deere, ta fi dacewa, tun da tana da ƙarfen kariya da bel ɗin ɗaura jiki. Ga mai lambu ko gidan gona a Najeriya ko Nijar, inda hanya ta bushe kuma ta miƙe, babur mai ƙafa uku na dakon kaya yakan yi wannan jigila da kuɗi kaɗan, kuma kayan gyaransa suna kowace kasuwa. Mai ƙafa huɗu yana nuna fifikonsa ne a yashi da laka da cikin kunyoyi, inda mai ƙafa ukun zai tsaya.

Wanda ya auna duk wannan ya ga lallai shi yake bukata, inji tsakanin cc 400 da 570 mai jan ƙafa huɗu da ƙaramar giya zai yi masa kusan duk aikin gida, kuma ya fi babba sauƙin sarrafawa da shan mai. Idan na hannu zai saya, to agogon awannin aiki ya fi na kilomita faɗin gaskiya, domin babur ɗin gona yana iya shafe dubban awanni bai yi nisa ba. Sai ya buɗe akwatin matatar iska ya shafa yatsa a bututun da ke shiga inji, idan ya ji gari to ƙura ta riga ta shiga ciki. Ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya kuma duba man gatarin gaba da na baya, domin mai da ya koma fari-fari kamar madara alama ce ta cewa babur ɗin ya nutse a ruwa. Ya durƙusa ya duba robobin da ke rufe gaɓoɓin shaf ko sun tsage, ya ɗaga kowace taya ya girgiza ta ya ji ko akwai lilo, ya kuma dubi maƙalar tirela da ƙarfen da ke kewaye da ita ko akwai lanƙwasa ko sabon walda, wanda ke nuna an ja abin da ya fi ƙarfinsa. Kafin ya biya, ya tambayi farashin bel da takalmin birki da matatar mai da robar shaf na wannan samfurin, da kuma tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su iso hannunsa idan sai an yi odarsu daga waje.